Ƙadangare Mai Gemu a Cikin Aji: Yadda Ake Shirya Masa Mazauni

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau za mu leƙa azuzuwan wasu makarantu ne a ƙasashen Amurka da Birtaniya da Ostireliya, inda aka saba malami ya ajiye wata 'yar dabba mai rai a cikin aji, yara su riƙa kula da ita suna ɗaukar darasi a kanta. A wani ajin kifi za ka tarar, a wani zomo, a wani kuma ɓeran Masar. Daga cikin dabbobin da malamai suka fi so a yanzu akwai wani ƙadangare ɗan asalin Ostireliya, wanda ake kira ƙadangare mai gemu. A kansa za mu yi magana, musamman yadda ake shirya masa mazauni a cikin aji.

Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, rayuwar wannan ƙadangare kacokan a kan mazauninsa ta rataya. In an gyara mazaunin, an gama mafi yawan aikin. In kuwa aka yi masa riƙon sakainar kashi, to dabbar za ta yi ta shan wahala a ɓoye, ba kuka ba ƙorafi, a gaban yaran da aka kawo ta domin su koyi tausayi.

To wane ne wannan ƙadangare? Masana kimiyya suna kiransa Pogona vitticeps, kuma wani masanin dabbobi Bajamushe mai suna Ernst Ahl ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1926. Gidansa na asali busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne, wuraren rana mai ƙuna da ƙarancin ruwan sama, inda ake ganinsa a kan duwatsu da kututtura da turakun shinge yana shan hantsi. Babba yakan kai tsawon santimita 60 daga hanci zuwa ƙarshen jela, kuma jelar ce ta kwashe kusan rabi ko fiye. A ƙarƙashin haɓarsa akwai wata fata mai ƙayoyi. Idan ya tsorata ko ya fusata sai ya kumbura ta, ta yi baƙi ƙirin, daga nan ne aka ce yana da gemu.

Tun shekarun 1960 Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta zuwa waje, saboda haka waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka yau a hannun masu kiwo aka haife su. Dokar ajiye shi kuma ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A yawancin jihohin Ostireliya sai da lasisi, a jihar Hawai ta Amurka kuwa an haramta shi gaba ɗaya. Don haka matakin farko ga kowace makaranta shi ne ta san abin da dokar wurinta ta ce.

Malamai sun so shi ne saboda dalilai masu ƙarfi. Da rana yake harkokinsa, daidai lokacin da yara ke aji. Yana da sanyin hali, ba ya yawan cizo, ba ya ihu, kuma ba shi da gashin da ke tayar wa wasu yara da atishawa ko asma. Sai dai sauƙin halinsa kan yaudari mutane, su ɗauka kiwonsa ma mai sauƙi ne. A nan ake samun matsala.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, akwai tambayoyin da ya kamata malami ya zauna ya amsa wa kansa. Wannan dabba tana iya kai shekara 10 zuwa 15 in ta samu kulawa. Wato yaron da ke aji huɗu na firamare ranar da aka kawo ta zai iya gama sakandare ita tana nan da ranta. To wa zai riƙe ta in aka yi wa malamin canjin wurin aiki? Wa zai duba ta Asabar da Lahadi? Ina za ta zauna a dogon hutu? Daga aljihun wa kuɗin abinci da na fitilu da na magani za su riƙa fitowa? Akwai likitan dabbobi a kusa wanda ya san dabbobi masu jan ciki? Shugaban makaranta ya amince? An sanar da iyaye? In ɗaya daga cikin waɗannan ba ta da amsa, to a dakata tukuna. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

In an samu amsoshi, sai a zo kan keji. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Birtaniya, RSPCA, wadda aka kafa a 1824, ta ba da shawarar cewa kada kejin babban ƙadangare ɗaya ya gaza tsawon santimita 120, faɗin santimita 60, da bisa santimita 60. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. In wuri ya samu, a ƙara. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayo ɗan jariri kamar tsawon yatsa, a saka shi a ƙaramin akwatin kifi, a ce ai ya ishe shi. Cikin shekara guda zai kusan kai girmansa, akwatin ya yi masa kaɗan, a koma sayen wani. Gara tun farko a sayi babban.

Keji mai kyau akan yi shi da katako ko roba mai kauri, saboda suna riƙe zafi, sannan a sa masa ƙofofin gilashi ta gaba da kafofin shan iska. Ƙofa ta gaba tana da dalili. A tsakiyar kan ƙadangaren akwai wani ɗan ɗigo mai jin haske da duhu, wanda masana ke kira ido na uku. Ba ya ganin siffa da shi, amma yana gane inuwar abin da ya gifta ta samansa. A daji, abin da ke zuwa ta sama shaho ne ko mikiya. Hannun da ya sauko masa daga sama kuwa tsoron da shaho ke ba shi zai ba shi. Sannan a sa wa ƙofar kwaɗo, mabuɗi ya zauna a hannun malami.

Kuma guda ɗaya ake ajiyewa. Yara za su ce yana jin kaɗaici, a samo masa aboki. A fahimtar da su cewa shi ba dabbar garke ba ne. Maza biyu faɗa za su yi ta yi har da jin rauni, in kuma ɗaya ya fi ƙarfi zai danne ɗayan ya hana shi wurin shan zafi da abinci.

A ina za a ajiye kejin? A kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya girgiza, a lungun da ya fi natsuwa, nesa da bakin ƙofa inda ake shige da fice, nesa da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, kusa da makunnin lantarki, wayoyi kuma a ɓoye su daga hannun yara. Kada a ajiye shi a jikin taga wai don ya sha rana. Rana in ta bugi akwatin gilashi zafi ne ke taruwa a ciki ya rasa mafita, har ya kashe dabbar cikin ɗan lokaci.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mun zo kan gundarin maganar, wato zafi da haske. Ina roƙon ku ba ni hankalinku a nan.

Ni da kai, mai sauraro, jikinmu ne ke samar wa kansa ɗumi daga abincin da muke ci. Ƙadangare ba haka yake ba. Ɗuminsa daga waje yake samo shi. Sai jikinsa ya ɗauki zafi yake iya gudu, yake iya narkar da abinci, yake iya yaƙar cuta. In zafin ya yi masa yawa kuma dole ya sami inda zai fake. A daji shi yake daidaita wa kansa, ya hau dutse ya sauka, ya shiga rami ya fito. A cikin keji kuwa, abin da muka tanadar masa kaɗai gare shi.

Saboda haka dole kejin ya kasu gefe biyu, kamar dai gidan da ke da tsakar gida mai rana da kuma zaure mai sanyi. A ƙarshen gefe ɗaya a rataya ƙwan fitila mai zafi, a sa faffaɗan dutse ko kututture a ƙarƙashinsa. Zafin wannan wuri ya kasance tsakanin digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas. Ɗaya gefen kuma ya tsaya tsakanin digiri 22 zuwa 26. Wannan ma wani dalili ne na neman dogon keji, domin a gajere zafin ne zai mamaye ko'ina.

Ba a ƙiyasta zafi da tafin hannu. A sa ma'aunin zafi biyu masu nuna lamba, ɗaya a kowane gefe. A haɗa fitilar da na'urar daidaita zafi, wadda ke rage wuta da kanta in zafin ya wuce iyaka. A sa wa ƙwan kariyar raga don kada dabbar ta taɓa shi. Akwai kuma wani dutsen roba mai ɗaukar zafi da lantarki da ake sayarwa a shagunan dabbobi. A guje shi, domin ƙadangare kan kwanta a kai har cikinsa ya ƙone bai ankara ba.

Ga abin da yara za su gani in an yi aikin daidai. Da safe fitila ta kama, ƙadangaren yana kwance a lungu, launinsa ya yi duhu, da ƙyar yake motsi. A hankali zai ja jiki ya hau dutsen, ya baje haƙarƙarinsa ya yi faɗi fal, ya ɗan karkata bayansa wajen fitilar. Duhun fatar yana taimaka masa ɗaukar zafi da sauri. Bayan ɗan lokaci sai launin ya fara washewa zuwa ruwan ƙasa mai haske, kai ya ɗago, idanu su fara bin duk wanda ya gifta. Can sai ka ga ya wangame baki ya bar shi a buɗe. Ba faɗa yake nema ba, zafi yake fitarwa, alamar jikinsa ya kai inda yake so. Daga nan sai ya sauka ya nufi abinci ko inuwa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fahimci darasin da zai daɗe bai manta ba.

Fitila ta biyu ita ce aka fi mantawa da ita, ita ce kuma rashinta ya fi illa. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVB. Idan ya taɓa fatar ƙadangare, jikinsa yana haɗa bitamin D3, shi kuma wannan bitamin da shi ne hanji ke tsotsar sinadarin kalsiyam daga abinci, wanda ke gina ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan haske, ƙwan fitila na gida kuma ba ya bayar da shi. Ke nan dabbar da ke cikin aji ba ta da hanyar samunsa sai an saya mata fitilarsa ta musamman.

In babu wannan fitila, jiki zai koma yana zarar kalsiyam daga ƙasusuwa. Abin a hankali yake zuwa. Da farko za a ga yatsu suna rawa. Sai muƙamuƙi ya yi laushi har ya kasa kama ƙwaro. Ƙafafu su kumbura ko su karkace, gadon baya ya lanƙwashe, dabbar ta koma jan ciki a ƙasa maimakon ta ɗaga jikinta, ƙashi ya riƙa karyewa a kan ɗan abu kaɗan. Wannan cuta tana daga cikin waɗanda likitoci suka fi gani a ƙadangarun gida, alhali rigakafinta a hannu yake. Ƙashin da ya riga ya karkace kuwa ba ya komawa daidai.

Abin da ake buƙata shi ne doguwar fitila mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12 cikin 100, irin wadda aka yi domin dabbobin hamada. A ɗaura ta a gefen da fitilar zafi take, yadda in ya hau dutse zai sami zafi da hasken a lokaci guda, kamar yadda rana ke ba shi. Kada gilashi ko roba su shiga tsakaninsa da ita. A bi tazarar da kamfanin ya rubuta a jikin kwalin. Sannan a lura da wannan: fitilar tana ci gaba da haske ko bayan ƙarfinta ya ƙare. Saboda haka ake canja ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta. Malam, ka rubuta ranar da ka ɗaura ta a jikin kejin, ka sa ranar canji a kalandar aji.

Fitilun biyu su yi kamar awa 12 a kunne, awa 12 a kashe. A haɗa su da agogon lantarki mai kunnawa da kashewa da kansa, don ranar da babu makaranta ma gari ya waye masa a kan lokaci. Da dare duhu yake so, kada a bar masa jar fitila ko shuɗiya. In ɗakin yana yin sanyi ƙwarai, ƙasa da digiri 18, akwai abin ɗumama wuri na tangaran wanda ke ba da zafi ba tare da haske ba. Danshin iska kuma ya tsaya wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100, domin yawan laima yana jawo masa ciwon huhu da na fata.

(Gajeren kiɗa)

Sai shimfiɗar ƙasa. A aji, abin da ya fi sauƙin tsabtacewa shi ne tayil mai ɗan kaushi ko takarda mai kauri, musamman ga ƙarami. A guji ɓarzajjen katako da tsakuwa da yashin nan mai launi da ake tallatawa, domin yakan haɗiye su tare da abinci su toshe masa hanji. A sa masa maɓoya biyu, ɗaya a gefen zafi ɗaya a gefen sanyi. A aji mai yara da yawa, maɓoya wajibi ce, saboda dabbar da idanu ke kanta tun safe har tashi tana buƙatar inda za ta shige ta huta. A ƙara da reshe mai kauri na hawa, da duwatsun da aka kafa da kyau yadda ba za su rufto masa ba, da ɗan faranti marar zurfi na ruwa a gefen sanyi.

In an gama haɗa komai, kada a yi gaggawar kawo shi. A kunna fitilu a bar kejin ba kowa na kamar mako guda, yara su riƙa karanta ma'auni safe da rana suna rubutawa. In lambobin sun zauna daidai, sannan a je a ɗauko shi daga wurin mai kiwo na gari ko gidan da ake karɓar dabbobin da aka rasa mai riƙe su. Ya iso kuma a ƙyale shi mako ɗaya ko biyu ba a taɓa shi ba, har ya saba da wurin.

Abincinsa ƙwari ne da ganye. Ƙarami mai tasowa ƙwari ya fi ci, irin su gyare da fara da wani nau'in kyankyaso da ake kiwo domin haka. In ya girma sai abin ya juya, ganye ya zama mafi yawa, ƙwari 'yan kwanaki a mako. Ana ba shi ganyaye masu duhun kore irin su ganyen mastad, da gurzajjen kabewa, da koren wake, da ɗan karas jefi-jefi. Latas kusan ruwa ne zalla, ba ya ƙosar da shi. Alayyahu kuma kada ya yawaita, domin yana ɗaure kalsiyam. Piya da albasa ba a ba shi. Kowane ƙwaro kada ya fi tazarar da ke tsakanin idanunsa girma, kuma a barbaɗa masa garin kalsiyam kafin a miƙa. A gargaɗi yara kada su kamo ƙwari daga waje, saboda maganin feshi da tsutsar ciki. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare kuwa guba ne gare shi, guda ɗaya tak yana iya kashe shi.

Iyaye, ga ɓangaren da ya shafe ku kai tsaye. Dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu, su kuma suna nan garau. Daga kashinsu take bazuwa zuwa fatarsu da kayan keji. In ta shiga cikin mutum tana kawo gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bibiyi ɓarkewar wannan cuta da aka danganta da ƙadangare mai gemu fiye da sau ɗaya, har da shekarun 2022 da 2024. Shawararta ita ce bai dace da yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba, da tsofaffi daga shekara 65, da masu raunin garkuwar jiki. Ke nan ajin rainon yara ba wurinsa ba ne. A sauran azuzuwa, doka ta zama a rubuce a jikin bango: duk wanda ya taɓa shi ko kayansa ya wanke hannu da sabulu, ba a sumbatarsa, ba a cin abinci kusa da keji, ba a wanke farantinsa inda ake wanke na mutane. Kwashe kashi kullum da wanke keji aikin babba ne.

Wajen ɗaukarsa, yaro ya zauna a ƙasa, malami ya tallabo shi ta ƙarƙashin ciki ya ɗora masa, ƙafafu huɗu duk su sami wurin takawa. Mutum ɗaya a lokaci guda, na 'yan mintoci, kuma ba kullum ba. Ba a kama shi ta jela, domin tasa in ta gutsure ba ta sake tsirowa. In gemun ya yi baƙi, ko ya kumbura jiki, ko yana ta neman gudu, to cewa yake a ƙyale shi, sai a mai da shi. Yaron da ya koyi janye hannunsa saboda wata halitta ta nuna ba ta so, ya koyi abin da zai amfane shi a zamansa da mutane.

(Gajeren kiɗa)

Darussan da ke cikin wannan keji suna da yawa. Yara za su auna tsawonsa da nauyinsa kowane mako su zana jadawali, ga lissafi ya samu. Za su nemo Ostireliya a taswira. Za su ga yana saɓa, fata na fita ɓangare-ɓangare, su koyi cewa ba a ɓare masa da hannu. Za su ga yana gyaɗa kai da sauri don nuna isa, ko ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya ya juya ta a hankali kamar mai gaisuwa, alamar sallamawa. In sanyi ya shigo, babba yakan rage ci ya yi ta barci na makonni, amma likita ne zai tabbatar cewa hutun sanyi ne ba ciwo ba.

Manyan ɗalibai kuma za a iya ba su labarin abin da masana suka gano a kansa. A jami'ar Linkon ta Ingila an nuna cewa ƙadangaren da ya kalli ɗan'uwansa yana ture ƙofar waya don ya kai ga abinci, shi ma yakan kwaikwaya. A 2015 masana a jami'ar Kanbera ta Ostireliya sun wallafa cewa ƙwan da ya kamata ya ƙyanƙyashe namiji yana iya fitowa mace idan zafi ya yi yawa lokacin kwanci, kuma sun tarar da irin waɗannan a daji. A 2016 kuma wasu masana a birnin Farankfot na Jamus sun gano cewa barcinsa hawa biyu ne masu musanya juna, kwatankwacin yadda ake gani a tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa.

Hutun makaranta shi ne babban gwajin amana. Kwana biyu na ƙarshen mako babban ƙadangare zai iya jurewa in agogon fitilu na aiki kuma wani ya leƙo. Dogon hutu kuwa sai ya koma gidan wani babba da ya san kiwonsa, tare da fitilunsa da komai. Kada a riƙa zagaya da shi gidajen yara kowane mako, domin yawan canjin wuri na gajiyar da shi, kuma ba a san wane gida ke da jariri ba.

Mai sauraro zai ce, to mu a nan fa? Gaskiya ita ce, makarantar da wutar lantarki ba ta tsaya mata ba, ko wadda ajinta ke ɗaukar zafi ƙwarai a bazara har a rasa gefen sanyi, bai kamata ta ɗauki wannan nauyi ba. Amma ba a bar mu hannu rabbana ba. Jan gwadan da ke gyaɗa kai a kan katangar makarantunmu dangi ɗaya suke da mai gemu, masana a gida ɗaya suka lissafa su. Shi ma da hantsi yake fitowa shan rana, da tsakar rana ya nemi inuwa, namiji ya tsare yankinsa. Malam, malama, ku fitar da yara da littafi da fensir, su zauna nesa kaɗan su rubuta lokacin da ya fito, inda ya kwanta, abin da ya kama. Ba sai an kama shi ba, ba sai an kashe ko sisi ba. Wataƙila yaron da ya zauna ya kalle shi da idon basira zai ajiye danƙon da yake harbinsa da shi.

Kafin mu rufe, ga abubuwan da za a riƙe. A amsa tambayar wa zai kula da shi tsawon shekaru kafin a saya. Keji kada ya gaza santimita 120 a tsawo. Gefen zafi digiri 38 zuwa 42, gefen sanyi 22 zuwa 26. Fitilar UVB wajibi ce, a kuma canja ta a kan kari. Maɓoya biyu, kwaɗo a ƙofa, sabulu a kusa. Duk wanda ya tsare wata halitta a keji ya ɗauki cinta da shanta da lafiyarta a wuyansa, kuma yara suna kallon yadda babba ke sauke wannan nauyi. In za a iya, a yi shi da kyau. In ba za a iya ba, barinsa shi ne tausayi.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba malamanmu lada, ya yi wa yaranmu albarka, ya sa mu zama masu jinƙai ga abin da aka ba mu amana.   

(Kiɗan rufe shiri)